Zanen Aro: Aikatau Tsakanin Hausa da Ingilishi

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan Ingilishi suka faɗo, amma kowace na ɗaga sai in tarar da Hausa kwance a ƙarƙashinta.

Wani ɗalibin sakandare daga Zariya ya rubuto: "Allah ya gafarta Malam, na ce wa abokina *borrow me your pen*, malamarmu ta ce kuskure ne. Ina kuskuren yake, alhali kowa haka yake faɗa?"

Ɗana, malamarku ta yi gaskiya, amma kai ma ba da ka ka yi ba, Hausarka ce ta yi magana da bakin Turanci. Mu saiwa ɗaya muke da ita, ara. In kai ne mai karɓa ka ce na ari biro; in kai ne mai bayarwa ka ce na ara masa biro. Abin da ke nuna inda biron ya dosa shi ne wasalin ƙarshe da kuma wa, mini, masa. Bature bai yi haka ba, kalmomi biyu ya ware: mai karɓa *borrow*, mai bayarwa *lend*. Don haka ko dai ka ce *lend me your pen*, ko ka ce *can I borrow your pen*. Haka koyo yake: na koyi karatu, na koya masa karatu, su kuma *learn* da *teach*. Haka saya da sayar, *buy* da *sell*. Su ma Turawan ba su tsira ba, domin a wasu karorin harshensu har yau ana jin *learn* a inda littafi ya ce *teach*.

Sai dai akwai wani bambanci da mu ke yi su ba sa yi. Aro shi ne abin da za ka mayar da shi shi ɗin kansa, kamar keke ko tsani ko tabarma. Rance kuwa abin da za ka kashe ko ka cinye ne, ka mayar da madadinsa: kuɗi, mudun gero. Na ranci dubu biyar, ranta mini dubu biyar. Ingilishi duk *borrow* ya ce. Wanda ya ce "ara mini kuɗi", a Hausar dattawa, kamar ya ce zai nuna wa mutane takardar kuɗin ne ya dawo da ita.

A nan ne tambayar wata baiwar Allah daga Katsina ta shigo, wadda take son ma'anar katara a cikin "zanen aro ba ya rufe katara". Malama, katara ita ce gefen ƙugu zuwa saman cinya, wurin da zane ya kamata ya fara suturtawa. Zanen da ba naki ba, ba a yanka shi daidai jikinki ba, kuma hankalinki ba ya kwanciya a cikinsa, don mai shi na iya aikowa a kowane lokaci. Lura, aro aka ce ba rance ba. Zane ake mayarwa da kansa, shi ya sa karin maganar ya zauna.

Tambayar da ta fi jan hankalina daga wani malamin firamare ce a Jos. Ya ce ɗalibansa na tambayarsa amfanin *up* a cikin *eat up* da *drink up*, tunda ba sama ake cin abincin ba, shi kuma ya rasa amsa.

Malam, amsar tana bakinka tun kana goye. Mene ne bambancin ya ci tuwo da ya cinye tuwo? Ya sha fura da ya shanye fura? Wancan *up* ɗin aikin da yake yi ke nan, yana nuna an gama da abin ƙarƙaf. *Buy up* saye kaya ne duka a kasuwa, *use up* ƙarar da abu ne. A shekarar 1960 wani masani Bature, F. W. Parsons, na makarantar SOAS da ke Landan, ya kasa aikatan Hausa azuzuwa bakwai bisa wasalinsu na ƙarshe da karin sautinsu, kuma har yau da wannan kason ake koyarwa a jami'o'inmu. Aji na 4, mai ƙarewa da -e, shi ne na ƙarewa da gamawa. Aji na 6, mai ƙarewa da -o, yana jawo aikin zuwa wajen mai magana: fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo, saya da sayo. Bature sai ya sauya kalma gaba ɗaya, *go out* da *come out*, *take* da *bring*, ko ya yi doguwar jimla. "Sayo mana goro" kalma uku ce, amma a cikinta akwai tafiya da saye da dawowa. Aji na 7, mai -u, shi ke ba mu gyaru da dafu. "Ba ya gyaruwa" sai sun ce *it can't be fixed*.

Wato abin da Hausa ke ɗinkawa a wutsiyar aikatau, Ingilishi na yau da kullum yakan rataya shi ne a bayan aikatau da 'yan ƙananan kalmomi irin su *up*, *off*, *out*, *away*. Kuma akwai doka ɗaya da ke kayar da mutane. Ana cewa *turn off the light* ko *turn the light off*, duk daidai, amma da wakilin suna ya shigo sai ya zauna a tsakiya: *turn it off*. Ba a cewa *turn off it*. Kada ɗalibanka su ga baƙon abu a nan, domin mu ma wakilin suna yana taɓa mana aikatau: na sayi doki, na saye shi, shi na saya. Yaron da bai taɓa cewa "na sayi shi" ba, zai iya riƙe wannan.

Amma kada ka yi musu alkawarin cewa kowane *up* cinyewa ne. *Give up* saduda ce, *put up with* jurewa ce, kuma babu yadda za ka haɗa ma'anar gutsattsarin ka fito da wannan. Haddacewa ake yi. Kafin mu ce Turawa sun cika son wahalar da mutane, mu dubi namu ci ɗin. Ci jarrabawa, ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci mutunci, ci gaba. Wane ne a cikinsu ya shafi tauna? "Kowa ya ci zomo ya ci gudu": cin farko da baki ne, na biyu da ƙafa, kuma daɗin karin maganar duk a wannan haɗuwar yake, shi ya sa in an juya shi zuwa Turanci yake mutuwa murus. Haka sha: sha magani su *take*, sha taba su *smoke*, sha wahala su *suffer*. Mu mura ce ke kama mu, su kuwa su ne ke kama murar, *catch a cold*. Yi ɗinmu guda ɗaya ya rabu gida biyu a wajensu, kuskure *make*, aikin gida *do*. Ni a ganina ɓata lokaci ne a ba yaro jerin aikatau tsirara ya haddace. A ba shi kowane tare da abokin tafiyarsa, yadda ya koyi ci da sha a gida.

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya tambaya ko *next tomorrow* Turanci ne. Alhaji, jibi ake nufi, kuma ɗan Ingila *the day after tomorrow* zai ce. Amma a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Ingilishin Nijeriya 29, wannan na ciki, tare da *okada* da *Kannywood*. Ka faɗe shi a Kantin Kwari ba wanda zai ɗaga kai. In abokin cinikinka na Dubai ko Landan kake rubuta wa, rubuta kwanan watan kawai. Mu da muke da gobe, jibi, gata da citta, ba mu ne ke da ƙarancin kalma a nan ba.

Na ƙarshe, wata ma'aikaciyar jinya ta ce ta gaya wa wani likita Bature *I'm coming* tana fita daga ɗaki, ya bi ta da kallo. 'Yar'uwa, "ina zuwa" kika ce, wadda a wajenmu alkawarin dawowa ce ko neman a ɗan dakata. Shi kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne kina tahowa, idonsa kuma na ganin ƙeyarki. *I'll be right back* za ki ce masa.