Imel ɗin Kamfani: Kafin a Zaɓi Google ko Microsoft, Sunan Wa Ke Kan Domen?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan ƙaramin kamfani, mu bakwai ne har da ni. Shekara shida ke nan muna aiki da adireshin Gmail guda ɗaya, kowa ya san kalmar sirrin. Watan jiya wani ma'aikaci ya bar aiki ba ta daɗi ba, na yi kwanaki ban runtsa ba ina tunanin kada ya goge mana saƙonni. Na canza kalmar sirri amma hankalina bai kwanta ba. Yanzu yaron da ya gina mana shafin intanet ya ce zai buɗe mana imel da sunan kamfani kyauta, ko nawa muke so, tunda dama domen ɗin yana hannunsa, wato sunan adireshin shafinmu na intanet. Wasu kuma suna ce mini Google Workspace, wasu Microsoft 365, wasu Zoho. Wanne zan ɗauka? Kuma a manhajar karanta imel, Outlook ya fi ko Thunderbird? Babban tsorona shi ne in wayi gari saƙonnin shekara shida sun tafi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da dalilinki na rashin kwanciyar hankali, domin canza kalmar sirri kaɗai ba ta rufe ƙofa. Yau ɗin nan ki shiga saitin Gmail ɗin ki duba ko an saka wani adireshi da ake tura masa kwafin saƙonninku, ki duba matatun saƙo ko akwai wanda ba ku kuka ƙirƙira ba, sannan ki tabbatar lambar waya da imel ɗin dawo da asusu naki ne. Waɗannan ba sa gogewa don an canza kalmar sirri. Idan lambar wanda ya tafi ce a wurin, zai iya karɓe asusun yana zaune a ɗakinsa. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin tabbaci daga wayarki bayan kalmar sirri, kafin ki tashi daga gaban kwamfutar.

Zaɓin kamfanin imel kuwa bai kai wahalar da ake ba shi ba. Idan ma'aikatanki sun saba da Gmail, Google Workspace shi ne mafi sauƙin sauyi, fuskar ɗaya ce, ƙaramin tsarinsu yana ba da gigabait 30 a kan kowane mutum maimakon 15 ɗin da kuke cunkushe a ciki yanzu. Idan aikinku ya ta'allaƙa a kan Word da Excel, Microsoft 365 ya fi dacewa: akwatin kowa aƙalla gigabait 50 ne, sai dai ƙaramin tsarin bai haɗa da manhajojin da ake sakawa a kwamfuta ba, na burauza da na waya kawai. Zoho ya fi su sauƙin kuɗi kuma yana aiki lafiya, amma tsarinsa na kyauta mutum biyar yake ɗauka, ku kuwa bakwai ne. Proton na ƙasar Suwizalan an gina shi don masu tsananin buƙatar sirri, kuma sai an saka wata manhaja tasu mai suna Bridge kafin ya yi aiki da Outlook ko Thunderbird. Ban ga abin da zai sa ki ɗora wa kanki wannan ba. Ko wanne kika ɗauka, kowane ma'aikaci ya samu akwatinsa da kalmar sirrinsa. Adireshin gama-gari na karɓar oda ko tambayoyi ba ya buƙatar ƙarin kuɗi, Microsoft na da akwatin haɗaka, Google na da rukuni da laƙabi. Ran da wani ya tafi, ki rufe nasa shi kaɗai, saƙonninsa suna nan a hannunki.

Manhajar karantawa ma haka take. Da Microsoft, Outlook. Da Google, burauza da manhajar Gmail ta waya sun wadatar. Thunderbird kyauta ce, tana da kyau ga mai haɗa akwatuna da yawa wuri guda, tun 2024 ma akwai ta a Android. Sharaɗi ɗaya ne: a haɗa ta da IMAP, tsarin da ke barin saƙonni a wurin kamfanin imel, kada a yarda wani ya saka muku POP, wanda kan kwashe saƙonni ya zuba a kwamfuta ɗaya.

Amma duk ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da kika wuce ta kamar ba komai, ita ce ta tsayar da ni: "tunda dama domen ɗin yana hannunsa."

Hajiya, wannan ita ce maganar da nake ji kusan kullum, kuma ita ce ta fi cinye ƙananan kamfanoni. Mutane sun ɗauka tunda su suka ba da kuɗi, kuma sunan kamfaninsu ne a rubuce bayan alamar @, to domen nasu ne. Ba haka tsarin yake ba. Kamfanin rajista, wato wanda ake yin rajistar domen a wurinsa, bai san wanda ya ba da kuɗi ba. Abin da ya sani shi ne sunan da aka rubuta a matsayin mai rajista, da imel ɗin da aka buɗe asusun da shi. Idan yaron nan da nasa sunan da nasa imel ya yi rajistar, to a idon kamfanin rajista shi ne mai abu, ke baƙuwa ce. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ki fahimci abin da mai riƙe da domen yake iya yi. A cikin saitin domen akwai wani layi da ake kira MX, shi ne yake gaya wa duniya inda za a kai saƙon da aka aiko wa kamfaninki. Ko kin biya Google na shekara guda, wanda yake da makullin domen zai iya sauya wannan layin cikin minti biyu, duk saƙon da zai shigo ya koma wani wuri. Ba saƙon abokan ciniki kawai ba. Saƙon sake kalmar sirri na bankinki, na shafinki na Facebook, na manhajar lissafinku, duk ta nan suke biyowa. Google ba za su iya hana shi ba, Microsoft ma haka, domin su masu masauki ne, adireshin ba a hannunsu yake ba.

Ba sai yaron ya zama mugu ba, kuma ban ce shi mugu ne ba. Yawancin waɗanda na gani ba cuta suka nufa ba. Sun sami aiki a wani wuri, sun canza lamba, katin bankin da suka saka ya daina aiki, wani ma Allah ya yi masa rasuwa. Domen haya ce ta shekara-shekara. Dokar ICANN, hukumar da ke kula da wannan fanni, ta wajabta wa kamfanonin rajista su aika tunatarwa kamar wata guda kafin wa'adi ya cika, su sake aikawa saura mako guda. Amma wa ake aika wa? Imel ɗin mai rajista. Ke ba za ki ga komai ba sai ranar da saƙo ya daina shigowa.

Na taɓa zama da wani mai kamfani da wannan ya faɗa wa. Ya buɗe kwamfutarsa a gabana yana ta danna maɓallin duba sabon saƙo, akwatin shiru, saƙo na ƙarshe na ranar Alhamis ne, ga shi Talata ta yi. Ya ɗauka matsalar intanet ce, har ya sauya na'urar ofis. Muka duba rajistar domen, wa'adi ya ƙare. Ya ɗauko waya ya kira wanda ya yi masa shafin shekarun baya, lambar ba ta shiga. Ya ciro rasit daga jaka ya ajiye mini a kan tebur, yana nuna sunan kamfaninsa da yatsa. Rasit ɗin na wanda ya gina shafin ne, a wurin kamfanin rajista bai fi farar takarda ba. Mun yi sa'a an samo mutumin ta hannun wani ɗan'uwansa kafin lokaci ya ƙure, amma saƙonnin waɗannan kwanakin ba su dawo ba.

Lokacin kuwa ƙidayayye ne. A domen irin na .com, bayan wa'adi ya cika akwai ɗan rangwame da kan kai har kwana 45, gwargwadon kamfanin rajista. Daga nan sai kwana 30 na fansa, da tara mai nauyi. Sai kwana 5 da babu mai iya taɓa shi. Bayan haka ya koma kasuwa, kowa na iya saye. Akwai masu zaman jiran irin wannan. Wanda ya saya zai iya buɗe akwatin da ke karɓar duk saƙon da aka aiko wa kowane suna a kamfaninki, ya kuma rubuta wa abokan cinikinki da ainihin adireshinki yana cewa lambar asusun banki ta canza. Ba kwaikwayo ba ne da za a ce a lura da harafi, adireshin ne na gaske.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu gina shafi da ke mayar da wannan igiyar ɗaure abokin ciniki. Ka nemi bayanan shiga, a ce maka "abu ne na fasaha, ba za ka gane ba", ko "idan na ba ka za ka lalata". Ƙarya ce. Wanda ya iya buɗe asusun banki a waya ya iya riƙe asusun domen. Ƙwararre na gaskiya shi zai fara cewa a yi rajista da sunanki, sannan ki ba shi izinin shiga ya yi aikinsa. Duk wanda ya fara kwana-kwana a kan wannan magana, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Don haka kafin ki biya kowa ko sisi, ki shiga shafin binciken rajista na ICANN ki rubuta domen ɗinki. Tun 2018 ana ɓoye sunayen masu rajista da yawa saboda dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, amma za ki ga kamfanin rajista da ranar ƙarewar wa'adi. Ki rubuta ranar. Sannan ki buɗe asusu da kanki a kamfanin rajista, ki nemi yaron cikin mutunci ya mayar da domen ɗin can. Idan kamfani ɗaya ne, turawa ce daga asusu zuwa asusu. Idan wani kamfanin daban ne, zai ba ki lambar izinin ƙaura. Ki sani sauya sunan mai rajista kan jawo kullen kwana 60 da ba a iya ƙaura zuwa wani kamfanin, saboda haka idan za ki ƙaura, ki fara da ƙaurar. Ki saka sunan kamfaninki, katinki, ki kunna sabuntawa ta kai tsaye, ko ki biya na shekaru da yawa gaba ɗaya, ana yarda har 10. Kada kuma ki buɗe asusun rajistar da imel ɗin da ke kan domen ɗin kansa, in ya mutu ba ki da ta inda za ki shiga ki ceto shi. Tsohon Gmail ɗinku, bayan kin tsabtace shi ya zama naki ke kaɗai, ya dace da wannan aiki.

Shi kuma imel na kyauta da ya yi miki tayi, na masaukin shafi ne. Kuna raba saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, da ɗaruruwan shafuka, ɗaya ya yi ɓarna a saka adireshin sabar a baƙin littafi, takardun kuɗinki su riƙa faɗawa kwandon shara na abokan ciniki. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta, suna son ganin SPF ko DKIM daga kowane mai aikawa, DMARC kuma daga masu aika da yawa, duk saituna ne da ke tabbatar da cewa saƙo daga domen ɗin ya fito da gaske. Ku saka duka ukun. Su ma a saitin domen ake rubuta su, kin ga mun sake dawowa kan wanda ke riƙe da makulli.

Saƙonninki na shekara shida ba za su ɓata a ƙaura ba, Google, Microsoft da Zoho duk suna da kayan kwaso tsofaffin saƙonni. Amma kafin a taɓa komai ki sauke kwafi ta Google Takeout, shafin Google na sauke bayanan asusu, ki ajiye a faifai na daban. Ganin saƙo a waya da kwamfuta lokaci guda ba ajiya ba ce, da IMAP abin da aka goge a ɗaya ya gogu a duka, kwandon Gmail kuma kwana 30 kawai yake riƙewa. Tsohon adireshin kada ki rufe shi, ki sa ya riƙa tura saƙo zuwa sabon, domin akwai abokan cinikin da sai sun shekara suna rubuto miki ta can.