Wane mai ya dace da kacar keke a ƙurar hunturu da taɓon damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum a keke nake zuwa aiki a Katsina, kilomita 8 zuwa, 8 dawowa, rabin hanyar kwalta, rabi burji. Mai gyara yakan zuba mini baƙin mai a kaca, ta yi shiru kwana biyu, daga nan ta koma baƙi ƙirin tana ƙara, ga ɓata ƙafar wando. Na ga ana sayar da wasu ƙananan robobin mai, wata an rubuta mata Wet, wata Dry. Wacce zan saya? Kuma iri ɗaya zai kai ni shekara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Iri ɗaya ba zai kai ka shekara ba. Amma kafin maganar roba, tsuguna ka dubi kacar da kyau. Kowace gaɓa tana da 'yar ƙusa a tsakiya, da zobe mai juyawa a kanta, da fallayen ƙarfe a gefe biyu. In ka taka feda, gogayyar a ciki take faruwa, tsakanin ƙusar da ramin da take juyawa, da kuma ƙarƙashin zoben. Can mai yake da aiki. Wanda ya tsaya a waje yana sheƙi ba abin da yake yi sai tarar ƙura. Ƙurar hunturu kuwa, wadda mai yawa daga cikinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga laushi kamar garin tuwo, ga kaifin da ke kankare ƙarfe. Idan ta haɗu da mai sai ta zama kwaɓi, ta shige cikin gaɓoɓin, kowane juyi tana wasa su kamar dutsen wasa wuƙa. Baƙin da kake gani a wandonka, har da ƙarfen kacarka a ciki.

Baƙin man da aka juye daga inji ya riga ya zo da nasa dattin: baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfen injin da ya fito daga ciki. Sannan yawanci malala shi ake yi daga bakin gora har yana ɗiga ƙasa. Shi ya sa take shiru kwana biyu, rana ta uku ta dawo da kuka. Ka bar shi. Ba shi da kyau ma ga fatar hannu.

Daga Nuwamba zuwa ƙarshen bazara, mai rubutun Dry za ka ɗauka. Ruwa-ruwa yake zuwa don ya samu shiga ciki, sai ruwan ya tashi ya bar siririn shafi, ko na kaki ko na sinadarin Teflon, wanda ƙura ba ta manne masa sosai. Aibinsa biyu. Ba ya daɗewa: a hanya irin taka, da kake cin kusan kilomita 100 a mako, ka sa shi duk mako. Kuma dole a ba shi lokaci ya bushe. Wanda ya ɗiga shi da safe ya hau nan take ya yi asarar kuɗinsa, don yana jiƙe zai kwashi ƙura kamar kowane mai. Ka sa bayan Isha'i, ka hau da safe.

Da ruwa ya sauka, daga Yuni zuwa Satumba, lissafi ya juya. Busasshen nan ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ko ratsa kududdufi biyu ya isa ya wanke shi, washegari ka ga jan tsatsa a kaca. Nan ne Wet ke da rana: yana da kauri da danƙo, ruwa ba ya ɗauke shi da wuri. In bai samu ba, sabon man inji wanda bai taɓa shiga mota ba, ko man giya lamba 90, zai yi maka aikin, muddin ɗigo-ɗigo za ka sa ka kuma goge. Duk ranar da ka sha taɓo, kada keken ya kwana da shi. Ka wanke lakar da ruwa, ka tsane kacar da tsumma, ka ƙara mai.

Akwai hanya ta uku da a ganina ta fi kowacce dacewa da ƙurarmu, ga mai haƙurin yinta: tsoma kaca cikin narkakken kakin kyandir. Za ka cire kacar, ka wanke ta har babu ɗigon mai a jikinta, don kaki ba ya kama ƙarfe mai maiƙo. Kananzir sau biyu ko uku, sannan ruwan zafi da omo, sannan shanya har ta bushe ƙayau. Ka karya farin kyandir cikin gwangwani, ka ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kada ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta, kaki yana kamawa da wuta. Yana narkewa a wajen digiri 60, ka ga zafin bazara ba zai narkar da shi a kan keke ba. Ka saka kacar minti 10 zuwa 15 kana motsa ta da waya har ƙananan kumfar iska su daina fitowa, ka rataye ta huce. Za ta sandare kamar kara, sai ka bi gaɓa-gaɓa kana lanƙwasawa. Kilomitocin farko za ka ga farin ɓawo yana zuba, ba komai ba ne. Bayan haka ko hannu ka shafa ba zai yi baƙi ba, kuma takan kai mako biyu zuwa uku a irin tafiyarka. Da damina ka ajiye wannan dabarar, kaki ba ya tsare tsatsa yadda mai ke yi.

Giris ba ya shiga cikin gaɓa, a waje yake zama yana tara yashi. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su zama ƙaro. Man fesawa na WD-40 na gama-gari yana da kyau wajen korar ruwa da sassauta tsatsa, amma ya yi siriri da yawa a dogara da shi. Man keken ɗinki kan fitar da mutum kunya na 'yan kwanaki. Kuma kada ka wanke kaca da fetur, haɗarin gobara bai kai ribar ba.

Yadda ake sawa ya fi sunan da ke jikin robar muhimmanci. Ka riƙe kacar da tsumma kana juya feda baya har tsumman ya rage baƙi, ka bi haƙoran farantin gaba da na baya da tsohon buroshin haƙori. In za ka sauya daga mai kauri zuwa busasshe, sai an yi wankin kananzir tukuna, in ba haka ba sabon zai zauna ne a kan tsohon datti. Sannan ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, a layin ƙasa na kacar, ta fuskar da ke taɓa haƙora. Kaca tana da zobe ɗari da 'yan kai, duka man bai wuce cokalin shayi ɗaya ba. Ka fara daga gaɓar da za ka gane, ko ka yi mata alama da alli, don kada ka zagaya sau biyu. Ka juya feda sau 20, ka jira minti 10, sannan ka goge waje da busasshen tsumma har ka ji kamar ka goge duka. Ka kula kada ya taɓa gefen ƙarfen taya inda birki ke kamawa, ko faifan birki in irinsa ne da kai. Robar birkin da ta sha mai sai ihu, ba kamu.

In kekenka irin na da ne, Raleigh ko Phoenix mai gidan kaca rufaffe, kada ka yarda a cire maka gidan don wai yana ƙara. A gyara shi. Kaca a cikinsa tana iya zama da mai kauri rani da damina, ƙari sau ɗaya a wata ko biyu ya wadatar.

Tunda taka ta daɗe tana shan baƙin mai da ƙura, auna ta kafin ka kashe kuɗi. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne. Ka taka feda kaɗan ta miƙe, ka ɗora rula a tsakiyar wata ƙusa, ka ƙirga 24 gaba: a sabuwar kaca ta 24 ɗin tana faɗawa daidai kan inci 12, wato milimita 305 ba kaɗan. In ta wuce da milimita ɗaya da rabi, keke mai giya yana son sabuwar kaca. Mai giya ɗaya zai jure har milimita 3. In ta zarce haka, dubi haƙoran baya: idan sun kwanta gefe ɗaya sun yi tsini kamar ƙugiya, sabuwar kaca za ta riƙa tsallake su in ka matsa feda, don haka tare za a sauya su.