Amsa ga Yayan da ya yi tambaya kan inshorar jinyar tsufa

Wa alaikumus salam Yaya. Ka ce shekarunka 53, kana zaune a Amurka, an kawo maka tallar inshorar jinyar tsufa, kuma kana jin kamar in ka saya ka yanke ƙauna daga 'ya'yanka. Ni ma haka nake gani a da, kafin in yi jinyar mahaifiyata ta shekara huɗu.

Na ɗauko Hajiya daga Kano zuwa nan Amurka, ba ta cika shekara biyu da samun katin zama ba hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. A nan na san cewa a yawancin jihohi mai sabon kati sai ya cika shekara 5 kafin Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ta ɗauke shi. Ko mai Medicare ma, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, iyakar abin da za ta biya a gidan jinya kwana 100 ne, bayan ya yi kwana 3 a asibiti. Wanka da ciyarwa na shekara da shekaru ba ruwanta.

Da a gida ne, ga ƙannena, ga matan yayyena, ga maƙwabciya da za ta leƙo ta ce je ki huta. A nan ni kaɗai ce. Duk bayan awa biyu sai na tashi na juya ta, gudun gyambon kwanciya. Na rage kwanakin aiki, bayana har yau bai dawo daidai ba. Ban yi nadama ba wallahi, aljannata nake nema. Amma 'yata tana da shekara 14 ta iya canza wa kakarta ƙunzugu, kuma daren da na tarar da ita ta ɓingire da barci a kan littafinta a bakin gadon Hajiya, na ce ba zan ɗora mata wannan kayan ita kaɗai ba in lokacina ya zo.

Bayan rasuwar Hajiya, Allah ya jiƙanta, muka nemi inshorar nan ni da maigida. Ni suka karɓe ni, shi suka ƙi saboda ciwon suga, yana kan allura. Don haka kada ka jira sai ciwo ya zo.

Kafin ka sa hannu, ka san kamfanonin ba sa fara biya sai mutum ya kasa yi wa kansa biyu cikin abubuwa shida: wanka, sa kaya, cin abinci, zagayawa, tashi daga gado, riƙe fitsari da bayan gida, ko kuma ya samu ruɗewar tsufa. Bayan haka ma yawanci akwai jiran kwana 90 daga aljihunka. Kuɗin wata-wata kuma yana iya tashi, ka tabbata za ka iya ɗauka bayan ritaya.

Batun halacci ka kai wa malaminka, ni na kai wa nawa kafin in biya ko sisi.

Sannan ka tambaye su abu biyu, su ba ka amsa a rubuce. Za su biya in ɗanka ne ke jinyar a gida? Da yawa ba sa yi. Kuma in ka koma Najeriya da zama, nawa za su biya a can? Kamfanin farko da na tuntuɓa ya ce ba komai, shi ya sa na bar shi na nemi wani.