Ɗana ya kwana ya wuni a kan wasan waya, in daka masa ƙwayar barci a kunu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 15, bana zai rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ranar Lahadi tun bayan karin kumallo yake kifa kai a waya yana buga Free Fire. In na ce ya ɗauki littafi sai ya ce, "Mama, bari in ƙarasa wannan," haka har magariba. Babansa direba ne, sai ƙarshen mako yake gida, amma ko tuwo ba sa ci tare. Har ƙarfe 2 na dare ina hango hasken waya a ɗakinsa. Maƙwabciyata ta ce in sayi ƙwayar barci wajen masu tallar magani in daka masa a kunu. In gwada? Wata uwa daga Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Kada ki gwada, ko sau ɗaya.

Wannan shawara ta ƙwaya a kunu na gaji da jin ta. Abin da masu talla suka fi miƙawa shi ne diazepam, maganin da mu kanmu ba ma rubutawa sai da dalili, na 'yan kwanaki. Cikin 'yan makonni jiki yake sabawa da shi, sai ƙwaya ɗaya ta daina isa. In an daɗe ana sha aka yanke farat ɗaya, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kuma yana dakushe riƙe karatu, wato abin da kike son gyarawa shi za ki ƙara lalatawa. Mafi muni, ba ki san abin da yaro yake haɗuwa da shi a waje ba. Kowa ya san yadda tiramol ya yi katutu tsakanin matasan Garwa da Marwa. In ya haɗu da diazepam a ciki ɗaya, numfashi yana iya raguwa har ya tsaya cikin barci. Shi mai tallan da ya shanya kwalin magani a rana mai zafin digiri 40, ya tambaye ki nauyin yaron? Ya san ko na jabu ne yake sayarwa? Kuɗinsa kawai zai karɓa ya tura kekensa. Ranar da yaron ya gane mahaifiyarsa ce ke zuba masa abu a ɓoye kuwa, ko ruwa kika miƙa masa sai ya duba. Don Allah iyaye mata, ku daina karɓar magani daga bakin maƙwabta, 'ya'yan nan amana ne.

Ɗanki ba rashin barci ke damunsa ba, hana kansa yake yi. "Bari in ƙarasa" ɗin nan ma ba duka ne raini ba. Free Fire da mutane 50 ake shiga fage ɗaya ta intanet, ba a dakatar da shi, kuma wanda ya fice ya bar abokansa a tsaka mai wuya. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti 15 ba. Saboda haka ku yi yarjejeniya da zagaye: uku bayan la'asar, in na ukun ya ƙare a ajiye. Bayan isha'i waya ta kwana a ɗakinki, domin mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Jan ƙafa a kan karatu sau da yawa tsoro ne. Ki tambaye shi darasin da ya fi ba shi wuya. Kada ki ce "je ka yi karatu," ki ce ya yi lissafi biyu kacal kafin ya taɓa waya. Farawar ce mai nauyi.

Maigida kuma, in ya sauka, ya ajiye tasa wayar, a zuba musu a kwano ɗaya, ya ja shi kasuwa ko wajen gyaran mota.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasan bidiyo a matsayin cuta, amma sai mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan komai, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, galibi har wata 12. Kaɗan ne cikin masu wasa suke kaiwa nan. In kin ga ya fara tsallake makaranta, ko ɗaukar kuɗi don sayen kayan wasa, ko ya daina walwala da cin abinci, ki kawo shi asibiti, ku zo tare da babansa.