Amsa ga mai tambaya kan haɗa takin gargajiya da na zamani a gonar wake

Malam, ka ce kana da kashin awaki da na kaji a tare, ga kuma buhun kamfa (NPK) da na yuriya da suka rage maka daga gonar masara, kana tambaya ko za ka haɗa su duka ka zuba wa wake. Haɗawa tana da kyau, ni ma haka nake yi shekara da shekaru, amma yuriyar nan ka ajiye ta. Ba ta wake ba ce.

Wake yana samar wa kansa sinadarin naitirojin daga iska. Idan shukarka ta kai mako 5 ko 6, ka tona gindi ɗaya a hankali, kada ka fizge. Za ka ga 'yan ƙullutu manne da saiwa. Ka fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aiki, suna ciyar da shukar. In fari ne ko kore, ba sa yin komai. To, da ka cika wa wake yuriya, wadda takin naitirojin ce zalla, sai ya rage yin ƙullutun nan, ya buge da yaɗo da ganye. Na sha shiga gonar da ta yi kore shar, mai ita yana ta murna, ranar roro sai harawa, kwanson 'yan kaɗan. Abin yana ba ni takaici, domin kuɗi ya kashe ya rage wa kansa amfani.

Abin da wake ke nema daga buhu shi ne fosfaras, wato takin sufa. Shi ke ƙarfafa saiwa, da shi ƙullutun ke samuwa, shi ne kuma ke taimakon fure ya ɗaure. Ma'aunin da cibiyar binciken noma ta IITA ke ba manoma bai wuce kilo 15 na naitirojin da kilo 30 na fosfaras a hekta ba. Buhu 2 na kamfa 15-15-15, mai kilo 50 kowanne, sun ba ka naitirojin ɗin da rabin fosfaras, buhu 2 na sufa su cike sauran. Ɗan naitirojin ɗin na tashi ne kawai, kafin saiwa ta fara nata aikin. In takin gargajiyarka mai kyau ne, musamman da na kaji a ciki, kana iya rage kamfar sosai. Sufa ce ban yarda a rage ba.

Shi takin gargajiya gyaran ƙasa yake yi. A ƙasa mai rairayi, takin zamani shi kaɗai kamar zuba ruwa ne a kwando, ruwan sama mai ƙarfi yana wanke wani kaso na amfaninsa. Kashin dabbobi ke sa ƙasa ta riƙe laima da abinci, kuma wuta-wuta ta fi yin ɓarna a gonar da ta gaji. Amma sai ya ruɓe. Ka cusa hannu cikin tarin: in da zafi, ko warin yana hawa kai, bai yi ba. Wanda ya yi baƙi ne, yana marmashewa a tafin hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, ɗanyen na awaki da shanu kuwa irin ciyawa yake kawo maka. Ka watsa ruɓaɓɓen mako 2 zuwa 3 kafin shuka, huɗa ta rufe shi. In bai isa gonar duka ba, gara ka bi layi-layi ka zuba inda za ka shuka, da ka yayyafa shi ko'ina ba a ga wurinsa ba.

Na zamanin kuma ranar shuka ake sa shi, ko cikin makon farko. Ka yi ɗan rami kamar yatsu uku daga irin, ka zuba, ka rufe. Fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa, inda ka ajiye shi nan yake zama, shi ya sa barbaɗa shi a sama bayan wake ya girma asara ce. Kada kuma ya taɓa irin.

Duk wannan ba zai hana ƙwari zubar maka da fure ba, don haka ka tanadi maganin feshi tun kafin fure ya fito. Ka faɗa mana irin ƙasar gonar da abin da ka noma a cikinta bara, domin in masarar ta sha taki sosai, wataƙila sufa da kashin awakin kaɗai sun ishe ka.