Giɓi da haƙoran roba: amsar tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 47. Wata biyu ke nan da aka cire min turame biyu na ƙasa, ɓangaren hagu. An ce in sa haƙoran roba na cirewa. Yaya ake yin su, kuma za su tauna? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Shawarar da aka ba ki tana kan hanya, domin giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Haƙoran da ke gefensa sukan karkato ciki, na sama da ya rasa abokin karo kuma ya yi ta saukowa, har a wayi gari babu wurin sa komai.

Sai dai ki sani, ƙashin da aka cire haƙori a cikinsa yana ta motsewa, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko. In an yi miki yanzu, zai yi sako-sako nan gaba, sai an ƙara masa roba ta ciki ya sake zama.

Iri uku ne aka fi yi. Akwai na roba mai tauri ruwan hoda, da 'yar waya da ke kama haƙorin kusa. Shi ne mafi araha, kuma ana iya ƙara masa haƙori in wani ya faɗi, amma yana da kauri, nauyin tauna kuma kan dasashi yake sauka. Akwai mai firam ɗin ƙarfe, siriri, mai 'yan ƙafafu da ke hawa kan haƙoran da suka rage, su ɗauki nauyin. In sauran haƙoranki lafiyayyu ne kuma aljihu ya yarda, shi muka fi so ga turame. Na ukun roba ce mai lanƙwasuwa, ba waya, ta fi kyan gani, amma gyaranta wuya.

Likita zai fara duba baki, ya ɗauki hoto, ya wanke dattin da ya daskare a gindin haƙora, ya cike duk mai rami. Kada ki yarda a tsallake wannan, ko da kina sauri. Haƙorin da waya za ta kama shi ne ginshiƙi. In ya ruɓe, aikin ya rushe. Daga nan sai awo: a sa miki wani kwaɓi mai laushi a faranti, ya daskare a baki cikin minti biyu zuwa uku. A auna yadda muƙamuƙi ke haɗuwa, a zaɓi launi, a gwada miki haƙoran a jikin kaki (wani abu mai laushi irin kakin zuma) kafin a kammala. Ranar gwajin ki yi magana, ki ciza, ki dubi madubi, don gyara a kaki ba wuya. Gaba ɗaya, zuwa asibiti sau huɗu ko biyar ne.

Kwanakin farko miyau zai yi yawa, harshe ya riƙa tuntuɓe. Ki fara da tuwo, fate, ƙwai, kina tauna ta ɓangarori biyu. Rake, goro da ƙashin kaza kuwa ba aikinsa ba ne. In ya yi miki gyambo, ki sa shi 'yan sa'o'i kafin ki je asibiti, likita ya ga daidai inda yake gurza. Kada ki kankare shi da reza, kada ki lanƙwasa wayar.

TAMBAYA: Haƙorina na roba guda ɗaya ne, na gaba, shekara shida. Yanzu yana rawa. Da shi nake kwana. In liƙa shi da gam? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malam, ajiye gam ɗin nan, kuma daga daren yau ka daina kwana da shi. Ƙaramin haƙorin roba mai rawa shi ne aka fi haɗiyewa, cikin barci ko wajen shan magani. Yakan maƙale a maƙogwaro, robar kuma sau da yawa ba ta fitowa a hoton asibiti, wani lokaci sai da tiyata ake ciro ta. Gam yana ƙona dasashi, ya lalata robar yadda ba ta gyaruwa. Haka masu liƙa haƙori a kasuwa: abinci ya taru a ƙarƙashi, ba halin cirewa a wanke, haƙoran gefe su ruɓe.

Cire shi, ka buɗe baki ka duba ganɗarka. In ta yi ja daidai zanen robar, fumfuna ce, kwana da shi ke kawo ta, kuma ta fi kama masu ciwon suga. Tana jin magani.

Bayan shekara shida bakinka ya sauya, sabon awo kake bukata. Kafin nan, kullum dare ka cire shi, ka goge da burushi mai laushi da sabulun ruwa, ban da man goge baki don yana karce shi. Ka yi wankin a kan kwano mai ruwa, ko ya suɓuce ba zai fashe ba. Ya kwana cikin ruwan sanyi. Ruwan zafi na murɗe shi. Haƙoran gefen giɓin kuma su sha burushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare.