Ina shan madara bayan feshi amma kaina bai daina sarawa ba

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina aikin gyaran fulawoyi da yankan ciyawa a gidajen GRA da wajen Kongo a Zariya, har da feshin maganin ƙwari. Duk ranar da na yi feshi sai kaina ya dinga sarawa, ga zufa, miyau na ta taruwa a bakina, alhali ina shan madarar gwangwani kamar yadda ogana ya ce, wai tana kashe gubar. Kuma wani mai gida ya tambaye ni lasisi. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar lasisi gajeriya ce. NAFDAC ke yi wa maganin rajista, ka duba lambarta a jikin kwalba. Lasisin sana'ar feshin ƙwari kuwa EHCON ke bayarwa, hukumar duba gari ta ƙasa, kuma oganka ne ya kamata ya nema tunda da sunanshi ake karɓar aiki. Horo kuma ga Samaru nan kusa da kai, ka je NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta jami'ar ABU, ka tambayi malaman gona.

Amma ni madarar nan ce ta tayar min da hankali. Wallahi na gaji da jin ta, kullum sai an zo min da ita, wani ya ce madara wani ya ce manja wani ya ce tsamiya, ban san wa ya fara koya wa mutane wannan ba. Madara ba ta kashe guba. Yawancin maganin ma ta fata yake shigarka, ta hannu lokacin da kake haɗawa, da ta bayanka inda tankin feshin ke yoyo rigarka ta jiƙe kana yawo da ita cikin rana, to madarar da ke cikinka ina ta haɗu da shi? In kuma haɗiye shi mutum ya yi, maiƙon madara da manja na iya taimaka wa wasu magungunan su shige jini, in aka sa shi amai da ƙarfi kuma ya koma huhu.

Na ga yaro a Sabon Gari yana feshi da silifas, ba safar hannu, bakin feshin ya toshe ya sa baki ya hura, na yi magana ya nuna min gwangwanin madara a aljihu yana dariya.

Zufa da miyau da ciwon kai da ka lissafa alamun gubar irin su DDVP ne, wato dangin Sniper da fiya-fiya. Ba banza ba NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa a 2019. Ka dakata da feshin, ka ɗauki kwalbar ko hoton takardar jikinta ka je asibiti, ko asibitin koyarwa na Shika ne, kar ka tsaya a kemis. In numfashi ya fara wuya ko gani ya dushe, wannan ba a kwana da shi, akwai allurar atropine da likita ne kaɗai ke yi.

In ka koma aiki, safar roba, takalmin ruwa, riga mai dogon hannu da takunkumin feshi na gaske, ƙyallen korona ba ya tare komai. Ka yi feshin da sassafe, iska na bayanka. Ka gama ka yi wanka da sabulu kafin ka ci ko da goro ne, kayan aikin kuma ka wanke su da kanka daban, kar a haɗa da na yara.